Sharhi: Waƙar Beatles da ta ari sunanta daga bakin ɗan Najeriya

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau a kan wata tsohuwar waƙa ne ta mawaƙan Beatles na Ingila, wato "Ob-La-Di, Ob-La-Da", wadda ta fito a watan Nuwamba na 1968 cikin kundinsu mai farin bango. Duk wanda ya ji ta zai rantse a zama ɗaya aka rera ta, ana raha ana tafi. Ko kusa ba haka aka yi ba.

Mu fara da kiɗan. Salon ska ne, wanda ya tsiro a Jamaika a ƙarshen shekarun 1950. Sirrinsa yana ga inda ake ɗora nauyi. Maimakon jita ko piyano su faɗa daidai kan bugun ganga, sai su faɗa tsakanin wannan bugu da wancan, kiɗan ya riƙa tsalle-tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance. 'Yan Jamaika da suka yi ƙaura ne suka kai shi Landan. Paul McCartney, ɗaya daga cikin mawaƙan Beatles, ya ji, ya so, ya ɗora shi a kan kayan kiɗan rock. Hatta sunan Desmond da ke cikin waƙar, girmamawa ce ga mawaƙin Jamaika Desmond Dekker.

A Rishikesh ta Indiya McCartney ya fara tsara ta, a farkon shekarar 1968. Ranar 3 ga Yuli suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke titin Abbey Road. Aka kwana uku ana fama, sai ya ce sam bai gamsu ba, a koma farko. John Lennon, abokin waƙarsa a Beatles, dama ba ya ƙaunar waƙar, kiɗan tsofaffi yake ce mata. Ya fice ransa a ɓace, da ya dawo ya zauna gaban piyano ya dinga dukansa da ƙarfi da sauri. To, wannan dukan na fushi shi ne mabuɗin waƙar da duniya ta sani yau. Zaman ya yi tsamin da injiniyan sautinsu, Geoff Emerick, ya ajiye aikin ranar 16 ga Yuli.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Jimmy Scott, ɗan Najeriya mai kiɗan gangar konga a gidajen rawa na Landan. Kalmar "ob-la-di, ob-la-da" tasa ce, a bakinsa McCartney ya ji ta. Da waƙar ta fito, Scott ya nemi haƙƙinsa. McCartney ya ce ai magana ce kawai ta fatar baki, daga baya dai ya ba shi kuɗi. A jikin faifan kuwa, Lennon da McCartney kaɗai aka rubuta.

Ni a ganina an rage masa mudu. Kalmar nan ita ce sunan waƙar, ita ce amshinta, ita ce abin da yaro ke kamawa tun jin farko. Da ita mawaƙan Marmalade suka hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a Janairun 1969, lokacin da suka sake rera waƙar.

Kuma Scott bai tsaya a kalma ba, masu sauraro. Ya kaɗa gangarsa a ɗaukar farko, wadda McCartney ya ce a jingine. Ba a saki wannan ɗaukar ba sai 1996, cikin kundin Anthology 3, shekara goma bayan rasuwarsa.