Jawabin Maraba ga Mai Girma Bishop a Ranar Addu'ar Tunawa da Kakanmu

Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Maryamu.

Mai girma Bishop, ubanmu cikin Ubangiji, Fadan Farish da sauran fadoji, Sistoci, Mai Unguwa da dattawan gari, katikis-katikis, Zumuntar Matan Katolika, maƙwabtanmu Musulmi da suka zo taya mu zama, jama'a maza da mata, barkanmu da war haka.

Ranka ya daɗe, a madadin 'ya'ya, jikoki da tattaɓa-kunnen marigayi kakanmu, ina yi maku barka da zuwa. Sannu da hanya, sannu da ƙura. Mun san halin da hanyoyin ƙasar nan suke ciki, mun kuma san ayyukan da kuka ajiye domin ku zo ƙauyen da ko kwalta ba ta iso ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon da muka taru dominsa ya haura shekara 90 kafin Ubangiji ya kira shi. An haife shi a gidan Maguzawa, ya tashi da fartanya a kafaɗa, kuma ya riga ya zama saurayi sa'ad da fadojin Dominikan daga Amurka suka fara ratsa ƙauyukan nan. A wurinsu ya koyi karatu, a hannunsu ya karɓi baftisma, daga baya suka tura shi makarantar horar da katikis, wato masu koyar da addini da ke taimaka wa Fada, a Malumfashi. A lokacin, a harkar coci, duk ƙasar nan a ƙarƙashin Sakkwato take, wadda ta zama dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1964, kuma fadoji ba su da yawa. Sai a yi wata da watanni ba a ga Fada ba, musamman idan damina ta cika rafi.

Wa ya riƙe ikilisiya a waɗannan watannin? Kaka da ire-irensa. Kowace Lahadi da asuba yakan buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ya rataya a reshen tsamiya, mutane su fito, ya karanta masu Bishara, ya yi bayani gwargwadon abin da aka koya masa. Da la'asar ya hau kekensa zuwa wani ƙauyen ya sake. Jaririn da ke bakin mutuwa cikin dare, shi ake tasowa ya yi masa baftisma. Shi ke shirya masu aure, shi ke tsayawa bakin kabari. Abin da ake ba shi a wata bai isa ya ciyar da gida ba, don haka bai taɓa barin noma ba. Wannan cocin da kuke gani, wanda ya fara da rumfar kara, da ƙasar da ya kwaɓa da ƙafarsa aka ɗora tubalinsa na farko.

Mu jikoki mun fi saninsa da carbi. Bayan tuwon dare ba mai tashi daga tabarma sai an gama Rosari, kuma idan yaro ya fara gyangyaɗi, Kaka ba ya tsawa, sai dai ya miƙa masa carbin ya ce shi zai ja addu'o'i goman da ke tafe. Ƙwayoyin carbin sun sha hannu har sun yi sulɓi, igiyarsa kuwa ɗauri ne a kan ɗauri, amma ya ƙi a sake masa. Labarin da ya fi son ba mu shi ne na watan Fabrairun 1982, da suka hau bayan babbar mota zuwa Kaduna suka ga Paparoma Yohanna Bulus na Biyu yana keɓe sababbin fadoji. Tun daga ranar ya ƙara wa addu'arsa roƙo guda: Allah ya fito da fadoji daga cikin 'ya'yan ƙasar nan.

Ƙannensa biyu Musulmi ne, kuma zumuncinsu bai yi ko tsatsa ba. Naman layya na shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimeti na shiga nasu. Ga 'ya'yansu nan zaune a sahun gaba, su suka ɗauki nauyin rumfunan yau.

Ranka ya daɗe, Kaka ya ga 2023, shekarar da Paparoma Faransis ya kafa Dayosis ɗin Katsina, ya kuma ji cewa Bahaushe ɗan ƙasar nan ne aka naɗa bishop. Ƙafa ta riga ta hana shi tafiya bikin keɓewar, amma ranar sai da ya sa aka kira dukan gida aka yi addu'ar godiya. Zuwanku yau ya cika masa abin da bai samu gani da ido ba.

Muna da roƙo biyu. Na farko, tsofaffin katikis da suka yi aiki tare da shi sun rage kaɗan, wasu ba sa gani, wasu ba su da kuɗin magani. Muna roƙon dayosis ta waiwaye su tun suna da rai. Na biyu, tun da Kaka ya kwanta ciwo cocin nan ba ta da tsayayyen katikis. Muna da matasa biyu da suka yarda su je horo, iyalinmu kuma sun ɗauki alkawarin rabin kuɗin makarantar ɗaya daga cikinsu. Muna neman amincewarku da albarkarku.

Bayan Misa muna roƙon ku taka zuwa bayan coci ku sa wa kabarinsa albarka, sannan iyayenmu mata sun tanadi ɗan abin taɓawa. Allah ya ba Kaka hutawa ta har abada, ya ƙara maku lafiya da hikima, ya mai da ku Katsina lafiya. Barka da zuwa.