Folda ta ƙi bayyana a ɗaya kwamfutar? Ga yadda ake gano inda ta maƙale

Assalamu alaikum. Kwamfutoci biyu ne a gabana: babbar ta tebur, wadda hotuna da takardun gida ke ciki, da kuma laptop. Rawuta ɗaya suke sha, kuma kowacce tana shiga intanet lafiya lau. Na zaɓi wata folda a babbar, na buɗe ta don a riƙa gani daga ɗayar. Na dawo kan laptop, na buɗe File Explorer, na danna Network. Wayam. Ko kwamfutar babu, balle foldar.

Kafin ka fara taɓa saiti barkatai, riƙe wannan: rashin ganin kwamfuta a jeri daban, rashin isa gare ta daban. Jerin da ke cikin Network na waɗanda suka ɗaga murya suka ce "ga mu nan" ne kawai. Kwamfuta za ta iya yin gum da bakinta alhali ƙofarta a buɗe take. Don haka mu je mu ƙwanƙwasa ƙofar da kanmu.

A babbar kwamfutar, buɗe Command Prompt ka rubuta hostname. Sunanta zai fito. Sake rubuta ipconfig, ka nemi layin IPv4 Address, wato lambar adireshin kwamfutar a layin gida. Tawa ta nuna 192.168.1.20. Rubuta duka biyun a takarda. Koma kan laptop, danna maɓallin Windows tare da harafin R, sai ƙaramin akwati ya fito. Sa karkatattun sanduna guda biyu, irin waɗanda kansu ya jingina hagu, ka bi su da sunan kwamfutar ba tare da tazara ba, ka danna Enter. In sunan bai yi ba, maimaita da lambar.

Kalli abin da ya faru a nan: foldar ta buɗe nan take. Ashe tun ɗazu tana nan, sanarwa ce kawai ba ta fita. Wannan shi ne hali na farko, kuma shi ya fi yawa, don haka a nan za mu daɗe.

Abu na farko, irin kallon da Windows ke yi wa layin gidanka. Iri biyu ne, Public da Private. In a Public yake, kwamfutar tana ɗauka a cikin baƙi take, sai ta ɓuya, katangar tsaronta ta rufe ƙofofin raba fayil. Windows 11 kuwa, duk sabon layin da ka hau, a Public take ajiye shi sai in kai ka canza. Shiga Settings, Network & internet, danna layin da kake kai, ka mayar da shi Private. Ka yi haka a kwamfutocin biyu. Kuma ka lura, in babbar tana da waya sannan tana da Wi-Fi, kowanne da nasa saitin. Mutum zai gyara na Wi-Fi, alhali ta waya take tafiya.

Daga nan ka gangara Advanced network settings, ka shiga Advanced sharing settings, ƙarƙashin Private ka kunna Network discovery da File and printer sharing. Na farkon shi ne muryar, na biyun shi ne ƙofar.

To, wani lokaci za ka kunna Network discovery, ka fita, ka dawo ka tarar ya kashe kansa. Ko kuma yana kunne, amma har yanzu shiru. A nan sai mu leƙa bayan fage. Windows da R, rubuta services.msc. Gangara harafin F, za ka ga guda biyu da suka fara da Function Discovery. Wanda ya ƙare da Resource Publication shi ne mai shela, shi ke cewa ga ni, ga abin da nake da shi. Wanda ya ƙare da Provider Host shi ne mai saurare. A na'urori da yawa a Manual suke, ma'ana ba lallai su tashi da kansu ba in an kunna kwamfuta. Danna kowanne sau biyu, mayar da shi Automatic, danna Start. In Network discovery ne ke kashe kansa, duba SSDP Discovery da UPnP Device Host da DNS Client, kada a ce an naƙasa ɗayansu, wato an sa shi a Disabled. Koma laptop, danna F5. Ga ta nan ta bayyana.

Bari in ɗan ratse, don na san wani zai ce da can ba a shan wannan wahalar. Gaskiya ne. A zamanin Windows 7 akwai HomeGroup, kalmar sirri ɗaya ka haɗa gida duka. Microsoft ta cire shi a 2018, a Windows 10 sigar 1803. Akwai kuma tsohuwar hanyar tara sunayen kwamfutoci da ake kira Computer Browser, wadda ta dogara da SMB1, tsohon yaren raba fayil. Shi ya sa har yau ake ba mutane shawarar su kunna SMB1 komai ya dawo. Yana iya dawowa, amma ni ban yarda da shawarar ba. Ta wannan ɓarakar ce mugun shirin kwamfutar nan mai suna WannaCry ya bi a watan Mayun 2017 ya kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, kuma tun ƙarshen shekarar aka daina barin SMB1 a kunne a sababbin Windows 10. Don kawai ka ga hoton kwamfuta a jeri ba za ka cire ƙyauren gida ba.

Yanzu hali na biyu. Ka rubuta adireshin, sai aka tambaye ka suna da kalmar sirri, ko aka ce ba ka da izini. Kada ranka ya ɓaci, labari ne mai daɗi: kwamfutocin suna jin juna. Abin da ake nema shi ne asusun da ke kan babbar kwamfutar, mai foldar, ba na laptop ɗin da kake kai ba. Kuma PIN ɗin nan mai lamba huɗu ko shida da kake buɗe allo da shi ba ya aiki a nan, don na wannan na'urar ne ita kaɗai. In da asusun Microsoft kake shiga, imel ɗinka za ka sa da ainihin kalmar sirrinsa. In kuwa asusun ba shi da kalmar sirri sam, Windows ba ta barin a shigo da shi ta layi. Abin da ni nake yi, in ƙirƙiri ƙaramin asusu na daban a babbar kwamfutar, in sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, a riƙa shiga foldar da shi kaɗai. In ka taɓa sa kalmar da ba daidai ba kuma ka ce a tuna da ita, laptop za ta yi ta miƙa ta a ɓoye ana korar ta. Buɗe Credential Manager, Windows Credentials, ka goge tsohuwar.

Izinin ma makulli biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Danna foldar da maɓallin dama, Properties. Akwai shafin Sharing, akwai shafin Security. Na farko yana faɗin wanda zai shigo ta layi, na biyu yana faɗin wanda zai taɓa fayil ɗin a kan faifai. Duk wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ake bi. Kana iya ba kowa cikakken izini a Sharing, amma in asusun ba ya cikin Security, ƙofa ba za ta buɗu ba. Haka in kana iya karantawa amma ba ka iya ajiyewa, ɗaya daga cikin biyun ne ya tsaya a Read.

Wani ɗan abu: in kwamfutar ta buɗe amma folda ɗaya ce ba a gani, rubuta net share a babbar. In sunan ya ƙare da alamar dala, ɓoyayya ce da gangan, sai an rubuta cikakken sunanta. In babu ita a jerin, to ba a raba ta ba tun farko.

Mai tsohon akwatin ajiya na NAS, ko filashi a jikin rawuta, ga taka: tun Windows 11 sigar 24H2 aka wajabta sa hannun tsaro a kan SMB, wato yaren raba fayil, a yawancin nau'o'inta, kuma shiga a matsayin baƙo ba tare da kalmar sirri ba ya daina aiki a yawancin lokuta. Buɗe asusu a kan akwatin, ka sabunta manhajarsa.

Hali na uku, an daɗe ana juyi, sai aka ce ba a sami hanya ba, galibi da lambar 0x80070035. Yi ipconfig a laptop ma, ka kwatanta. In ɗaya 192.168.1 ce, ɗayar 192.168.0, ba a layi ɗaya suke ba. Yawanci rawuta biyu ne a gidan, an jona ɗaya a bayan ɗaya, kowacce tana raba nata lambobin. Mayar da ta biyun yanayin Access Point, wato ta riƙa miƙa layin kawai ba tare da raba nata lambobin ba, magana ta ƙare. In lambar ta fara da 169.254, rawutar ba ta ba ta adireshi ba sam, duba waya ko ka sake hawa layin. In lambobin sun yi daidai, duba ko laptop a kan layin baƙi take, wato Guest, ko an kunna AP isolation a rawuta, don aikinsu ke nan su hana na'urori ganin juna. VPN ma yana yin haka, kashe shi ka gwada.

Kada ka dogara da ping kaɗai, wato umarnin gwada ko wata kwamfuta tana amsawa, katangar Windows kan ƙi amsa shi ko da komai lafiya. Buɗe PowerShell, rubuta Test-NetConnection, lambar babbar kwamfutar, sannan -Port 445, wato ƙofar da SMB ke bi. In ka ga True, hanya a buɗe take. In False ne, zargi katangar tsaro, musamman in ka sa wata manhajar riga-kafi mai tata katangar. Shiga cikinta ka nuna mata layin gidan amintacce ne, kada ka kashe ta gaba ɗaya.

Da zarar foldar ta buɗe, danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Map network drive, ka ba ta harafi, misali Z, ka sa alama a Reconnect at sign-in. In da lamba ka haɗa ta, shiga rawuta ka keɓe wa babbar kwamfutar wannan lambar a sashen DHCP, wato mai raba lambobi, in ba haka ba wata rana rawuta za ta ba ta 21 maimakon 20, ka wayi gari da jan gicciye a kan Z.