Wa ke biyan mai tuƙa keke? Yadda tafiyar kilomita 300 ke zama kuɗin maganin ciwon daji

Tunda hotunan wata tafiyar keke ta tara kuɗin yaƙi da ciwon daji suka fara yawo, tambaya ɗaya ake ta jefo mana: mutum ya hau keke ya yi kwana biyu yana zufa, ta ina wannan ya taimaki mai ciwon daji? Wani ma cewa ya yi, da ya sayar da keken ya ba da kuɗin, ai ya huta. To, jama'a, ku biyo ni.

Abin a jihar Massachusetts ne a Amurka, kuma sunan tafiyar Pan-Mass Challenge. Duk farkon watan Agusta ake yin ta. Doguwar hanyar ta kai kimanin kilomita 300, a kwana a garin Bourne, washegari a ƙarasa Provincetown a bakin teku. Ba tsere ba ne, babu kofi, babu na ɗaya.

Wanda ya kafa ta Billy Starr ne. Mahaifiyarsa ta rasu a 1974 tana da shekara 49, sankarar fata ce ajalinta. A 1980 ya tara mutum 36 suka hau keke, suka samo dala 10,200. Zuwa 2024 jimillar abin da aka tara ya haura dala biliyan ɗaya, duk ga cibiyar Dana-Farber da ke Boston, inda ake jinya da binciken cutar.

Ga inda ake ruɗewa. Da yawa sun ɗauka akwai wani kamfani a gefe da ke ƙirga kilomita yana biya. Babu shi. Ranar da ka yi rajista, kai ne za ka ɗauki alkawarin kawo wani adadi, dubban daloli idan doguwar hanyar ka zaɓa, kuma ka ba da katin bankinka jingina. Daga nan sai ka shiga bin 'yan'uwa, abokan aiki, maƙwabta, har tsohon abokin makaranta da rabonka da shi tun ana yara. Wa'adi ya cika kuɗi bai cika ba? Daga katinka za a cire cikon. Kuɗin rajista ma daban ka biya shi. Ashe ke nan wahalar ba ranar hawan take farawa ba, watanni kafin nan mutum yake ta aika saƙo yana jiran amsa.

To me ya sa ba za a roƙa kawai ba, a bar keken? A ganina, roƙo da nauyi yake a ko'ina, ko Bature ma yana jin kunyarsa. Amma idan ka ce wa mutum, zan ratsa jiha da ƙafafuna saboda mahaifiyata, ka ba shi dalilin sa hannu a aljihu, kai kuma ka samu bakin magana. Ya ga ka fara ba da naka kafin ka nemi nasa. Kamfanoni suna nan, amma nasu shi ne ɗaukar nauyin abinci, ruwa da sauran hidima, tare da dubban 'yan sa-kai. Shi ya sa tun 2007 duk dalar da mahayi ya tara take tafiya cibiyar ba a taɓa ko sisi ba.

A ɗaya daga cikin hotunan ana ganin bayan rigar wata mata. Hoto ne aka maƙala da fil, ga ƙyallaye an rubuta sunaye a jiki, wasu sun rasu, wasu suna kan magani. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san abin da ya fi ci masa rai, wato ka zauna kana kallo babu abin da za ka iya. Likita ke da allura, kai sai addu'a da riƙe hannu. Keken nan aiki ne da mutum ya samu ya sa jikinsa a ciki. Cikin mahayan akwai waɗanda su kansu sun yi cutar sun tashi, kuma akwai wurin shan ruwa da yara masu jinya ke fitowa su tarbi ayarin da ke hawa dominsu. A nan manyan maza ke cire tabarau suna goge ido, wai zufa ce.

Shi kuma mai shawarar a sayar da keke, sau ɗaya zai sayar. Akwai waɗanda suka shekara talatin suna komawa duk Agusta, kowace shekara da sabon alkawari a kan katinsu.