Kafin ka saki dutsen, tambaye su tukuna

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da lokacin TP ya kama, wato gwajin koyarwa da masu koyon aikin malanta ke zuwa yi a makarantu, tambaya ɗaya ce ta cika mana saƙonni: wai mene ne bambancin koyarwa ta hanyar lacca da ta hanyar nuni? Wani ɗalibin NCE ya ce ya shiga aji da jaka cike da kayan gwaji, ya yi gumi sharkaf, amma sufabaiza ya rubuta masa cewa lacca ya yi. Ni dai ban ga laifin sufabaizan ba.

Lacca kowa ya san ta. Malam na bayani, na gaba na rubutu, na baya na gyangyaɗi. Tsohuwar hanya ce. A jami'o'in Turai, kafin injin buga littafi na Gutenberg wajajen 1450, littafi sai mai hali, don haka malami ke karanta nasa da ƙarfi ɗalibai su kwafa. Har gobe tana da ranarta, musamman in aji ya cika maƙil kuma zango ya zo ƙarshe.

Nuni kuwa, malam ne zai yi abin da hannunsa a gani. Tanadi kayanka, gwada su tun daren jiya, tsaya inda na bencin ƙarshe zai hango ka. Wannan duk kun haddace.

To, ga inda ake tuntuɓe. Ku ɗauka ga wani malami a gaban aji. Dutse babba a hannun dama, ƙarami a hagu, ya ɗaga su daidai kafaɗa, zai saki.

Tsaya, Malam! Kada ka saki.

Juyo ka tambaye su: wanne zai riga taɓa ƙasa? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi, da biro ba fensir ba, don na san halin yaranmu. Masu cewa babba su ɗaga hannu, a ƙirga, a rubuta a allo. Masu cewa ƙarami ma haka. Ka bar su su ɗan yi musu da na kusa da su, minti biyu ya isa. Ka ga yarinyar can da ta miƙe tana rantsuwa babban ne? Yanzu tana da abin da za ta ci ko ta faɗi, idonta ba zai bar hannunka ba.

Yanzu saki.

Tim! Tare suka sauka. Ku ji yadda ajin ya kaure.

Wannan 'yar tambayar ba ƙawa ba ce. A 2004, Eric Mazur da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka sun wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban fiziks. Waɗanda suka zauna suka kalli gwaji kawai, fahimtarsu kusan ɗaya ce da ta waɗanda ba su gan shi ba sam. Waɗanda aka sa su yi hasashe kafin a nuna, su ne suka fi iya bayyana dalili. Wato in yaro kallo kawai ya yi, laccar ce dai ka yi masa, sai dai da dutse a hannu. Abin da sufabaiza ya gani ke nan.

Wani zai ce, Malam, takarda fa? Madalla, irin wannan ɗalibin muke nema. Yago falle biyu, ka dunƙule ɗaya, ka bar ɗaya a buɗe. Sake tambaya kafin ka saki. Nauyinsu ɗaya, amma buɗaɗɗiyar sai ta yi ta lilo, iska ce ke tare ta. Nan ne lacca za ta shigo, ta minti biyar, kuma yanzu da kunnen sauraro.

In akwai waya da data, nuna musu wannan bidiyon. Shekarar 1971, ɗan sama jannati David Scott na kumbon Apollo 15, a duniyar wata inda babu iska, guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan. Danna tsayawa daidai nan, kada ka bari ya saki. Ka san tambayar da za ka yi.

Yarinyar nan mai rantsuwa kuwa, har yanzu ta ce ka yi wayo, ka riga sakin ƙaramin. Kada ka yi gardama da ita. Miƙa mata duwatsun ta fito gaban aji.