Wa ya koyar da malamin shawara, kuma me yake bincike a kai?

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan ɗakin da kuke gani a ƙarshen barandar sakandaren garinmu, nan ne ofishin malamin shawara. Tebur ɗaya, benci ɗaya, sai wani littafi mai kauri. Wasu suna ce masa kansila, amma ba kansilan mazaɓa ba ne, babu ruwansa da siyasa. Aikinsa sauraro ne. Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ya rasa ko ajin kimiyya zai shiga ko na kasuwanci, nan zai zo. Yarinyar da ta daina magana tun rasuwar mahaifiyarta, nan ya kamata a kawo ta.

To shi kuma wa ya koyar da shi? Wasu malamai ne da ke tsangayar ilimi a jami'o'i da kwalejojin horar da malamai, irin su Jami'ar Bayero a Kano, da Kwalejin Sa'adatu Rimi a Kumbotso, da Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ba mu cika ganinsu a ƙauye ba, amma abin da suka zuba wa ɗalibinsu shi ne yake fitowa daga bakinsa a cikin wannan ɗakin.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A 1908 wani mutum mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishi a birnin Boston na Amurka don taimaka wa matasa su zaɓi aikin da ya dace da su. A Najeriya ana danganta farkonta da 1959, lokacin da malaman makarantar 'yan mata ta St. Theresa a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyuka. A 1976 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, a 1977 kuma manufar ilimi ta ƙasa ta ambaci buƙatar masu ba da shawara a makarantu.

Yadda mutum yake zama malamin masu shawara a jami'a kuwa, tsani ne mai matakai bakwai. Wanda ya fita da sakamako mai kyau a digiri na farko, ya gama hidimar ƙasa, ana iya riƙe shi a matsayin mai taimaka wa malamai. Da ya sami digiri na biyu sai ya zama mataimakin lakcara. Daga nan lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa. Yawanci akan yi aƙalla shekara 3 kafin a ɗaga ƙafa daga wani mataki zuwa wani, kuma in babu digirin digirgir, tafiyar takan tsaya a tsakiya. Matakai biyun ƙarshe ba a gida kaɗai ake yanke su ba: tattara rubuce-rubucen mutum ake yi a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna. Farfesa yana aiki har shekara 70. Da yawa daga cikin malaman wannan fanni sun fara ne da alli a hannu a firamare ko sakandare, kuma a ganina wanda ya taɓa tsayawa gaban aji mai cunkoso ya fi sanin irin ɗalibin da yake horarwa.

Ba koyarwa ce kaɗai ke ɗaga malami ba. Bincike ne, da buga shi a mujallun ilimi. To a kan me suke binciken?

Wasu sun duƙufa kan zaɓen sana'a da karatu. Abin kamar ƙarami, amma yaron da ke son likitanci dole ya rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis a jarrabawar JAMB. In tun aji ɗaya na babbar sakandare ya shiga ajin da ba nasa ba saboda abokinsa yana can, ƙofar ta rufe shekara uku kafin ya sani. Wasu kuma shaye-shaye suka sa gaba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a wannan shekarar gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tambayar masu bincike ita ce yaya za a gane yaro tun yana gefen rijiya, kafin a kai ga asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Kazaure. Akwai masu nazarin zaman aure da yawan saki, musamman yanzu da Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. In gwaji ya nuna jinin masoya biyu bai dace ba, wa zai zauna da su ya faɗa musu ta yadda za su iya ɗauka? Akwai masu bin diddigin dalilin da 'yan mata ke barin makaranta. Akwai kuma masu nazarin firgici bayan masifa. Mu a Jigawa ba sai an yi mana bayani ba: ambaliyar 2022, da gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Marayun da aka bari sun koma aji, kuma malamin shawara ne ya kamata ya tarbe su.

Ga inda abin ya fi damuna. Yawancin ma'aunan gane halin mutum da ake koyarwa daga waje aka kawo su. John Holland ya kasa halayen mutane gida shida ya haɗa kowanne da irin aikin da zai yi masa daɗi. Carl Rogers ya koyar da cewa a saurari mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, a bar shi ya gano mafita da kansa. Ilimi ne mai amfani, ban raina shi ba. Amma littafin da ake koyar da wannan ilimi ya ɗauka yaro shi kaɗai zai yanke shawarar rayuwarsa. A nan kuwa akwai baba, akwai baffa, akwai kawu, akwai gonar da ke jiran hannu da damina. Littafin yana so a haɗa ido lokacin magana. 'Yarmu in ta sunkuyar da kai gaban malami namiji, tarbiyya ce, ba ɓoye-ɓoye ba. In ka tambaye ta me ke damunta, za ta ce "ba komai, Malam", domin da kunya da kara da haƙuri aka raine ta. Ƙunci daban, damuwa daban, zurfin ciki daban, kuma takardar tambayoyin da aka fassara a gaggauce ba ta rarrabe su.

Malaman da nake jinjina wa su ne masu zama su gwada waɗannan ma'aunai da Hausa, su gano tambayar da ke buɗe bakin yaro da wadda ke rufe shi, su nazarci yadda liman da ungozoma da gwaggo suka daɗe suna sasanta mutane kafin a gina jami'a. Aikin yana da wuya, kuma tsanin da na faɗa muku ba ya ba shi lada sosai: maƙalar Turanci a mujalla ita ake ƙirgawa, bayanin awa biyu da Hausa gaban iyaye ba ya cika shiga lissafi. Ga kuɗin bincike sai an yi takara wajen nema a TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ga yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya tsayar da komai wata 8.

Shi ya sa muke yawan ganin ɗalibin digiri na biyu ya zo a babur da takardun tambayoyi, ya raba wa yara, ya tattara, ya tafi, shi ke nan. Shugabannin makarantu da iyaye, in irin wannan baƙo ya zo ku karɓe shi hannu biyu. Amma kafin ya raba takarda ko ɗaya, ku tambayi sunan malamin da ke duba aikinsa, ku tabbatar ba za a rubuta sunan ɗan kowa ba, sannan ku sa masa rana a taron iyaye da malamai na zango mai zuwa, ya dawo ya faɗa muku da Hausa abin da yaranku suka ce.