Gwangwanin Gas a Kife, Tukunya a Tsaye: Yadda Ake Ɗura wa Injin Jet na Jirgin Rimot Gas ɗin Tayarwa

[Jirgin rimot a kan kwalta, wuta na fita ta wutsiyarsa]

Wannan wutar da kuke gani ba kwalliya ba ce, mai jirgin nan gabansa faɗuwa yake yi. Tun da irin waɗannan bidiyoyin suka fara yawo ake ta cewa injin ne ya lalace, wasu kuma su ce kananzir ɗin ne gurɓatacce. Sau da yawa ba ko ɗaya. Laifin yana wajen wannan 'yar tukunyar da ke tafin hannuna, da yadda aka ɗura mata gas.

Bari mu yi sauri a nan. Wannan injin jet ne na gaske, ƙanƙantar da shi kawai aka yi. Kananzir yake sha, gauraye da man inji na musamman kamar kashi 5 cikin 100, kuma in aka buɗe masa wuta yana juyi sama da 100,000 a minti guda. Sai dai kananzir ba ya kamawa da kyau a cikin inji mai sanyi. Shi ya sa ake fara masa da gas, kamar yadda ake fara hura gawayi da ƙirare. Wani ƙaramin injin lantarki ya juya shi, filogi ya yi ja, gas ya kama, ciki ya ɗumama, sai kwamfutar injin ta sako kananzir ta rufe gas. Aikin 'yan daƙiƙu ne. Sababbin injunan JetCat na Jamus da KingTech na Taiwan da kananzir suke tashi kai tsaye, amma tsofaffin da ake saye na hannu har yanzu gas suke nema.

To, yanzu mu zauna, don nan ne ake tafka kuskuren.

[Gwangwanin gas kusa da kunne, ana girgiza shi]

Kun ji ƙarar? Ruwa ne. Gas ɗin da ke ciki, furofen, a digiri 42 ƙasa da sifiri yake tafasa, matsi ne kawai ya riƙe shi a matsayin ruwa cikin gwangwani. Ruwan yana ƙasa, tururinsa yana sama. In ka jona tiyo gwangwanin na tsaye, bakinsa na kallon sama, me zai fito? Tururi. Za ka ji "fuuu" na ɗan lokaci, sai shiru. Ka ce ai ta cika. Ba ta cika ba, malam, matsin ɓangarorin biyu ne ya yi daidai. Ruwan furofen in ya koma iska yana kumbura kusan sau 270, ka ga abin da ka zuba bai fi 'yan ɗigo ba. Tayarwa ɗaya, biyu, ta ƙare, ka koma kana zagin filogi.

Duk wanda ya taɓa ganin ana yi wa laita ɗuri ya san maganin. Kife gwangwanin ake yi, baki ƙasa, gindi sama. Ku duba tiyon nan, da gangan na sa mai haske. Kun ga ruwan yana gangarawa?

Ga shi ya tsaya kuma. Tururin da ke cikin tukunyar ne ya tokare, ba ya ba da hanya. Dabara biyu ce. Ko dai ka sanyaya tukunyar tun da farko cikin kwanon ruwan ƙanƙara, matsinta ya sauka, ko kuma ka ɗan buɗe bawul ɗin fitarwa tururin ya fice, in kana fili ne babu wuta kusa. Ni na fi son ta ƙanƙara, ba na son asarar gas, kuma ba na son warinsa a rigata. Shi gwangwanin da ake ɗurowa daga cikinsa, ɗumin tafin hannu ya ishe shi. Kada a shanya shi a rana, balle a kusantar da shi murhu.

Sai ɗaya rabin maganar, wanda ya haifar da wutar can ta farko. Lokacin ɗuri ruwa muke so. Lokacin tayarwa tururi injin yake so. Tukunyar da ke cikin jirgi dole ta zauna a tsaye, bututun fitarta a sama. In ta kwanta, ko an cika ta maƙil, ko kuma ka tayar daga gwangwani na waje ka manta shi a kife, ruwan gas ne zai afka injin. Ku tuna sau 270 ɗin nan. Ni ma ta taɓa faruwa da ni, fentin wutsiyar jirgina har yau da tabon.

[Tukunya a kan sikelin kicin]

Nawa za a zuba? Kashi 80 cikin 100, kamar dai tukunyar gas ta girki. Auna ta ba komai a ciki, ka rubuta nauyin a jikinta. Lita guda ta ruwan furofen kusan rabin kilo ce, don haka tukunya mai mililita 100 giram 40 ne rabonta. Wanda ya yi dabarar ƙanƙara ya fi kowa bukatar sikeli, domin tukunya mai sanyi tana karɓar fiye da ƙima. Ruwan kuma in ya ji zafi kumbura yake. Matsin furofen a digiri 20 wajen bar 8 ne (bar ma'aunin matsi ne), a digiri 40 ya doshi 14. Digiri 40 kuwa a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu ba labari ba ne, balle cikin but ɗin mota. Gwangwanayen da aka gauraya da wani gas mai suna butan matsinsu bai kai haka ba, amma ka duba littafin injinka ka ga wanda ya ce a sa masa.

Ga sauran abin kiyayewa. A fili, ba a ɗaki ba, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Safar hannu, saboda ruwan in ya taɓa fata ƙuna yake yi irin ta sanyi. Kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Na'urar kashe gobara mai iskar CO2 a gefe, mai hodar nan ɓata inji take yi. Su kuma koren gwangwanayen Amurka masu kusan rabin kilo, na amfani sau ɗaya ne, a jikinsu ma an rubuta cewa doka ta hana safararsu in an sake cika su. Daga cikinsu ake ɗurowa, ba cikinsu ake ɗurawa ba.

[Ana cire tiyo, sikeli na nuna lamba]

Giram 39. Ya isa. Tukunya a tsaye, kowa ya bar saitin wutsiya. Ku saurari 'yar ƙarar nan, "fuf", gas ya kama ke nan. Ga kananzir ya shigo, ku toshe kunne.