Farin tabo a kan igiyar murya: yadda ake gano shi da yadda ake sanya shi a aji

Assalamu alaikum warahmatullah. Likitoci, malaman jinya da ɗalibanmu, barkanku da zuwa.

Mu fara da mutumin da kowannenku ya taɓa gani. Magidanci ne da ya haura hamsin, ya shekara talatin yana zuƙar sigari, muryarsa ta dishe wata uku. Ya sha zuma da citta, ya sha maganin mura kala-kala, shiru. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sabunta a 2018 ita ce, dishewar muryar da ta kai mako 4 ba ta warware ba, a leƙa maƙogwaro da ido. In mai shan taba ne, kada ma a jira makon huɗun.

Leƙawar tana da hanyoyi. Tsohuwar hanya ita ce ɗan madubi mai mariƙi da ake sa wa a ƙarshen ganda, irin wanda Manuel Garsiya, malamin waƙa ɗan Sifen, ya ga maƙogwaronsa da shi a 1854. Yau an fi zura siririyar kyamara mai lanƙwasa ta hanci bayan an fesa maganin kashe zafi. Abin da aka fi gani shi ne farin tabo kwance a kan igiyar murya, kamar an ɗiga alli, wani lokaci sumul, wani lokaci da kaushi. Sunansa lukofilakiya. Ku riƙe wannan da kyau: sunan kamanni ne kawai, bai faɗi cutar da ke ƙasa ba. Farin da kuke gani tarin keratin ne, sinadarin da ke taurara fata, kuma kusan rabin irin waɗannan tabo in aka gwada ba a samun wata ɓarna a ƙwayoyin halittarsu. Jan tabo, ko fari da ja a cakuɗe, shi ya fi tayar da hankali.

Kafin a yi maganar ciwon daji, a cire masu kama da shi. Fumfuna tana yin farin tabo, musamman ga mai asma da ke shaƙar maganin siteroyid ba ya kurkure baki, kuma mako biyu na maganin fumfuna yakan share ta. Tarin fuka na maƙogwaro ma yana shigar burtu da kamannin daji, kuma a ƙasashenmu da tarin ya yawaita bai kamata a kai mutum tiyata ba a ɗauki hoton ƙirji an gwada majina ba.

Na'urori biyu suna ƙara wa ido ƙarfi. Ta farko fitila ce mai walƙiya kusan daidai da kaɗawar murya, sai ka ga igiyar tana motsi a hankali, fatar samanta tana tafiya kamar igiyar ruwa a tafki. Inda wannan motsi ya tsaya cak, akwai zargin abin ya yi saiwa ƙasa. Ta biyu haske ne shuɗi da kore, mai tsawon zango nanomita 415 da 540, wanda jini ke shanyewa, sai ƙananan jijiyoyin jini su fito raɗau. Ƙungiyar likitocin maƙogwaro ta Turai ta sauƙaƙa karatunsa a 2016: jijiyar da ta bi tsawon igiyar murya galibi lafiya ce, wadda ta miƙe tsaye tana bayyana kamar ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa ita ce abin zargi. Amma keratin mai kauri yana rufe jijiyoyin ruf kamar laima. Rashin ganin ɗigon ba shaida ba ce.

Hukunci yana hannun mai duba nama a ɗakin gwaji, shi kuma ba zai faɗi fiye da abin da aka aiko masa ba. A nan aka fi yin ɓarna, don haka bari mu daɗe. Ana sa majinyaci barci, a kafa bututun ƙarfe ta baki, a duba da madubin ƙara girma, hanyar da Oskar Kilainsasa ya yaɗa daga Jamus a shekarun 1960. Igiyar murya hawa-hawa ce: fatar sama, sai siririn tantanin da fatar ke zaune a kansa, sai wani laushi kamar dalaki, sai jijiya mai tauri, sai tsoka. Duk tambayar ita ce, gurɓatattun ƙwayoyin sun huda tantanin nan ko ba su huda ba? In ba su huda ba, share fage ne. In sun huda, daji ne. Wanda ya kankaro saman tabon kawai, keratin ya aika, amsar da za ta dawo ita ce ba a iya cewa komai. Wanda ya matse naman da hantsaki ya murƙushe ƙwayoyin, wanda ya yanka da leza mai zafi ya ƙone gefen da ake son karantawa. Abin da ya fi shi ne a yi allurar ruwan gishiri ƙarƙashin tabon. In ya taso ya rabu da jijiya, a ɗauke shi ɗungurungum. In ya ƙi tasowa, wannan ma labari ne. A shimfiɗa naman, a nuna gabansa da bayansa, a rubuta dama ko hagu, a tsoma shi nan take cikin fomalin, ruwan adana nama, mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau goma. Kuma kada a feɗe igiyoyin biyu rana ɗaya a kusurwar gaba inda suka haɗu, domin za su manne da juna wajen warkewa, murya ta lalace.

Yanzu rabon aji. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2005 ya raba kaurin fatar gida uku: ɓarnar da ta tsaya a sulusin ƙasa mai sauƙi ce, wadda ta kai sulusi biyu matsakaiciya, wadda ta wuce haka mai tsanani, wadda ta cika kaurin duka ba ta huda tantani ba kuma daji ne a zaune. A takarda tsaf yake. A aikace, likitoci biyu sukan duba gilashi ɗaya su saɓa, musamman a matsakaicin. Gefe guda kuma akwai tsarin Lubiliyana ta ƙasar Silobeniya, da aka fara a 1971, aka gyara a 2014. A kansa Hukumar ta dogara a 2017 ta mayar da aji biyu: ƙaramin mataki da babban mataki. A ƙarami, canjin yana rabin ƙasa, ƙwayoyin sama suna balaga yadda ya kamata. A babba, ƙwayoyin da ba su balaga ba sun kai rabi ko sun wuce, cibiyoyinsu manya ne, baƙaƙe, suna rarrabuwa a inda bai dace ba. Matsakaicin da, yanzu yana cikin babba. Wannan a ganina shi ne mafi muhimmancin sauyin, don haka duk rahoton da ya zo hannunku ku tambayi tsarin da aka bi.

Alƙaluma suna nuna amfanin rabon. A binciken Lubiliyana na 2014, kashi 1.6 na ƙaramin mataki ne ya rikiɗe daji, babban mataki kuwa kashi 12.5. Wani nazari na 2010 da ya tattara majinyata 940 ya samu kashi 14 gaba ɗaya, kashi 30 a mai tsanani da dajin da ke zaune, kuma matsakaicin lokacin rikiɗewar shekara 5.8. Ku dubi wannan adadi. Shawarar likitocin Birtaniya ta 2010 ita ce a riƙa duba mai babban haɗari wata-wata a shekarar farko, a riƙa tsawaita tazarar har shekara biyar. Amma tunda matsakaicin lokacin rikiɗewar ya zarce shekara biyar, wanda bai bar taba ba, ko wanda tabonsa ya taɓa dawowa, ni ban ga dalilin sallamarsa ba. A ɗauki hoton maƙogwaro a kowace ziyara a ajiye a fayil, a kuma gaya masa da baki cewa ranar da murya ta sake canzawa ya dawo, ko da ranar ganin likitansa ba ta yi ba.